Kalmar da Ta Ɓoye Mini Mahaifiyata

Shekarun baya da nisa, lokacin ina ɗinki a wani ɗan shago a unguwar Barroquinha da ke Bahia, na yi wani nema da har yau zuciyata ba ta huce ba.

Ni na riga na fanshi kaina, amma mahaifiyata tana hannun wata tsohuwar Baturiya da ta mallake ta tun kafin a haife ni. Tsohuwar ta taɓa kai ta ofishin wani magatakarda, aka rubuta cewa ranar da tsohuwar ta mutu Inna za ta zama 'yantacciya. Da ta mutu, ɗan ƙaninta ya zo cin gado, ya ce shi bai ga wata takarda ba. Ya ga kujeru, ya ga tukwane, ya ga baiwa.

Na je wurin wani lauya da nake yi wa ɗinki. Ya ce, "Duk takardar 'yanci ana kwafe ta a littafin magatakarda. Samo mini shafin in kai wa alƙali. Idan babu shafi, babu magana."

Na iya karatun Fotugis, irin na mai bin layi da yatsa, kuma a lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Na ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, aikin yini guda ne.

Ofishin magatakardan yana kusa da dandalin Praça do Palácio. Akawun ba mugu ba ne, gajiyayye ne kawai. Ya nuna mini littattafai jere har rufin ɗaki, ya ce, "Waɗannan ba a karanta su daga farko. Akwai jerin sunaye, kowane suna da asalin mai shi. Ba ni kalma mu bi ta."

Na ba shi sunan da suka sa wa Inna a coci. Ya yi dariya, ya ce rabin matan garin nan sunansu ke nan, in ƙara wani abu. Na ɗaga kai na ce Bahaushiya ce. Su "Usa" suke cewa, kuma kowane magatakarda da yadda yake rubuta ta. Muka bi su duka, babu. Na koma da sunan tsohuwar, ashe da sunan gidan ubanta ta sa hannu, mu kuwa ba mu san shi ba. Na haɗiye girman kai na ce a duba Nago, tunda duk wanda ya fito daga wajen su Inna Bayarabe ne a idonsu. Babu. Na ce to a duba 'yar Afirka kawai. Aka samu mata da yawa, amma ba ita a ciki.

Haka makonni suka shuɗe, ɗinki ya tsaya. Wata safiya na sami Inna a ƙofar baya ta gidan tsohuwar tana wanki. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ɗan nan, jiya wani mutum ya zo ya duba haƙorana."

Na san mai saye ne. A lokacin dillalai na kwasar mutane zuwa gonakin kofi na kudu, kuma wanda ya tafi ba a sake jin labarinsa.

Na tsuguna na ce, "Inna, ba ni labarin ranar nan da kuka je ofishin. Kada ki bar komai."

Ta ce, "Me zan tuna? Mai rubutun ya tambaya daga ina nake. Kafin in buɗe baki uwar ɗakina ta ce a gidanta aka haife ni."

"Kuma kika yi shiru?"

"Wa ya tambaye ni? Ga tsage a fuskata yana kallo, ya rubuta abin da aka gaya masa."

Lauyan ne ya warware mini. Jirgin da ya kawo Inna ya iso ne bayan an hana fataucin bayi ta teku. Da an rubuta 'yar Afirka, da tsohuwar ta tona wa gidanta asiri. Ke nan duk kalmar gaskiya da na ƙara don in taƙaita nema, ita ce ta dinga fitar da Inna daga jerin.

Na koma na ce wa akawun ya bar Usa, ya bar Afirka, ya duba sunanta da "kiriyola", wato haifaffiyar ƙasar. Kafin azahar ya juyo mini da littafin, ya ɗora yatsa a kan shafin.

Lauya ya shigar da ƙara. Amma magana ta riga ta kai kunnen magajin, shi kuma bai jira alƙali ba. Da na je gidan sai na tarar da wata tana wanki a gurbin Inna. Ta ce an sauka da ita bakin ruwa tun shekaranjiya. Na gangara da gudu, masu dako suka ce jirgin kudu ya daɗe da tashi.

Daga baya alƙali ya yanke hukunci cewa mahaifiyata 'yantacciya ce tun ranar da tsohuwar ta mutu. Lauya ya aika wasiƙu kudu. Ba wanda ya san da wane suna aka sayar da ita a can, balle mu san kalmar da za mu ba su.

Yanzu mutanenmu kan zo shagona in za su nemi takardar wani nasu. Nakan ce su fara da kalma mai faɗi, kada su yi saurin taƙaitawa, su gwada kowane irin rubutu. Sannan in gaya musu wanda ya fi mini ɗaci: kada ka nemi mutum da abin da ka san shi, ka tambayi kanka wa ya yi rubutun, kuma me yake son ɓoyewa. Suna gode mini, ni kuwa ba na jin daɗin wannan ilimi, don sai da na yi tunani irin na wanda ya sayi uwata kafin na gan ta a littafinsu.

Takardar alƙalin tana nan a akwatina. Ta ce an haifi Inna a Bahia, ta ce kuma 'yantacciya ce. Ko ɗaya bai taɓa faruwa ba.