Ɗanladi Mai Makulli da Haƙorin Kada

Duk wanda ya taɓa ɓatar da makullinsa a Zinder ya san rumfar Ɗanladi a bakin Kasuwar Dole. Siririn mutum ne, kullum idonsa kamar na wanda aka yi wa sata jiya, alhali ba a taɓa ɗaukar masa ko allura ba. Sana'ar ce ta mai da shi haka. Tun yana saurayi yake yanka makulli. Ya ga ɗa ya kawo na ɗakin uwarsa a ɓoye, ya ga yaron shago ya zo da na maigidansa an danna a jikin sabulu. Daga nan ya yanke wa duniya hukunci cewa kowa ɓarawo ne, dama ce kawai bai samu ba. Ko matarsa Ramatu in ta tarbe shi da fara'ar da ta wuce ta kullum, sai ya leƙa ƙarƙashin gado kafin ya wanke hannu.

Akwatin ƙarfe ne a ƙarƙashin gadon, a cikinsa kuma haƙori guda. Tsawonsa ya kai yatsar babban mutum, baƙi-baƙi, ya zama dutse. Mahaifinsa ne ya samo shi lokacin da yake karen mota a hanyar Agadas. Wani Buzu da suka taimaka wa da ruwa ne ya ba shi, ya ce a rairayin Gadufawa ya tsinta. Mahaifin nasa mai sakin hannu ne, an are masa keke, an are rediyo, babu wanda ya dawo. Ranar da ya rasu haƙorin nan kaɗai ya rage a ɗakinsa, shi ma don babu wanda ya san amfaninsa. Ɗanladi ma bai san na mene ne ba, amma ya san nasa ne.

Wata rana wani malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ake kira da Faransanci Mushe Mahamud, ya zo yanka makulli. Yana jira yana latsa waya, shi kuwa Ɗanladi bai iya ganin waya a hannun mutum bai saci kallo ba. Sai ga hoton haƙori irin nasa sak. Ya dake ya ce, "Mushe, wannan ƙahon wace akuya ne?"

Ai kuwa ya taɓo wa Mushe inda yake masa ƙaiƙayi. Ya shiga ba shi labarin dinozor, manyan dabbobin da suka yi zamani suka shuɗe tun ba a halicci ɗan Adam ba, da yadda ƙasusuwansu suke kwance a hamadar Tenere. Ya ce haƙorin wani kada ne mai tsawon babbar mota. Ya ce suna da fada, wato majalisar hira, a ƙofar gidansa a unguwar Birni, duk Lahadi bayan la'asar, suna shan shayi, kowa yana kawo labarin dabbar da ya fi so.

Ɗanladi ya je, amma ba don ya yarda da su ba. Manya da gemunsu su zauna suna musu a kan dabbar da ba a ci, ba a hawa, ba a sayarwa? Ya ce a ransa lallai akwai abin da ake dafawa ban da shayi. Mushe Mahamud ya cika tambaya, saboda haka ɗan rahoton jandarma ne. Hassan mai walda, wanda yake mutuwar son wata dinozor mai dogon wuya da ake kira Jobariya har ya ƙera ta da guntayen ƙarfe, ya cika dariya, saboda haka dillalin Turawa ne. Har Majo Zakariya'u bai tsira ba, tsohon ma'aikacin asibiti da idanunsa suka mutu. Sai da Ɗanladi ya wuce da hannu ta gaban fuskarsa don ya ga ko zai ƙifta.

Abin haushi, hirar ta shige shi. Mushe nasa Nijarsorus ne, mai faffaɗan baki da haƙora ɗaruruwa, wai sunan ƙasa gare shi, dole a girmama shi. Hassan ya ce wannan ai saniya ce da ta yi girma. A yi ta musu har shayi ya huce. Majo kuwa kadan nan ne nasa. Yana saurayi ya ga ƙoƙon kansa a gidan tarihi na Yamai, ya miƙa hannu mai gadi ya daka masa tsawa. "Da na san idon zai tafi," in ji shi, "da na taɓa, ko da za a kulle ni. Ku kuna da hotuna a waya. Ni yanzu abin da hannuna bai taɓa ba, babu shi."

Maganar ta bi Ɗanladi har gida. Ya ji tausayin tsohon, tausayi na gaske, kuma yana so ƙwarai a san cewa shi ma yana da abin nunawa. Amma ya fito da haƙorin ubansa ya bi hannun mutane? Hannu nawa keken mahaifin nasa ya bi kafin ya ɓace? Ramatu ta ce, "Malam, kai wa Majo mana ya taɓa, ai ba haɗiyewa zai yi ba." Ya dube ta ya ce, "Ke wa ya gaya miki abin da ke cikin akwatin?"

Sai ya yi abin da ya iya. Mai yanka makulli bai san abin da ba shi da na biyu ba. Ya danna haƙorin a sabulu gaba da baya, ya kwaɓa siminti da yashi mai laushi ya zuba. Da ya bushe ya bi shi da zarto, ya fitar da kowane layi, ya shafe shi da baƙin man takalmi ya goge har ya yi sheƙi. Ya ajiye su biyun a tafin hannu, shi kansa sai da ya ɗan yi shakka. Dabararsa ita ce ya gwada su. In wannan ya ɓace, ya kama ɓarawo a banza. In bai ɓace ba, to, sai a gani.

Ranar Lahadi ya kwance tsumma a tsakiyar tabarma. Hassan ya daina dariya. Mushe ya cire tabarau ya mayar. Babu wanda ya tambayi ko na gaske ne, suka ce a fara ba Majo. Tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya bi shi da yatsa tun daga gindi har tsini, ya kai kumatunsa, sai hawaye. "Allah mai iko," yake ta faɗi. "Ɗanladi, Allah ya biya ka." Ɗanladi ya ce amin, idonsa yana kan aljihun Hassan.

Haƙorin bai ɓace ba. Jandarma ba su zo ba, Bature bai zo ba. Kowace Lahadi Majo zai ce, "Ina mutumina?" a ba shi ya riƙe har a tashi. Mai hankali da ya gane daga nan, amma Ɗanladi cewa ya yi haƙuri suke, jira suke ya saki jiki. Kullum yana cewa mako mai zuwa zai kawo na gasken, kullum sai wani ya yi wata magana da ba ta kwanta masa ba.

Bazara ce ta tona shi. Wata Lahadi da zafi ya kai zafi, Majo yana ta murza abinsa da gumi a hannu, Mushe ya miƙa masa kofin shayi. Tsohon ya buɗe tafinsa, sai ga shi baƙi ƙirin, haƙorin kuma ya yi fari-fari a ciki, siminti ya fito fili. Kowa ya gani ban da mai hannun.

"Me ya faru kuka yi tsit?" in ji Majo.

 Ya kai hannun hancinsa ya shinshina, ya daɗe a haka. Sannan ya lalubi tabarma ya ajiye abin a hankali, ya ce a ba shi ruwa ya wanke hannu.

"Akwai na gasken," in ji Ɗanladi. "Wallahi yana gida. Gwada ku na yi."

"Gwada mu?" in ji Mushe. "Da Baba Majo za ka gwada mu?"

Kafin Mushe ya rufe baki Ɗanladi ya hau babur. Karo na farko a rayuwarsa ya bar akwatin a buɗe a tsakar ɗaki, Ramatu tana kallo. Kafin su watse ya dawo, ya kwance tsumman da hannunsa ya miƙa wa Mushe, haƙorin ubansa da ko rana ba ta gani ba tun rasuwar tsohon.

Mushe ya juya shi, ya ciro makullin da Ɗanladi ya yanka masa ya kankare gefe. Hassan ya karɓa ya shinshina, ya tsoma a ruwan wanke kofi, ya goga a rigarsa ya duba rigar. Ɗanladi yana tsaye yana kallon irin kallon da ya saba yi wa mutane, bai taɓa sanin haka yake da ciwo ba.

"Wannan ya fi na farko kyau," in ji Hassan. "Hannunka ya ƙara faɗawa."

Ɗanladi ya karɓe ya durƙusa a gaban tsohon. "Baba Majo, don girman Allah miƙo hannu. Kai za ka gane. Ji nauyinsa kawai, ji sanyinsa."

Majo Zakariya'u ya mai da hannuwansa cikin riga ya harɗe su.

"Bar shi, Ɗanladi," ya ce. "Wataƙila gaskiya kake faɗi. Amma na riga na yi kukan haƙorin nan, ba ni da wani."

Ya ce wa Hassan ya miƙo masa sandarsa.