Dukiyar da Ta Iya Iyo

A gidanmu na Fagge, kakata Iya Abu ba ta ba da labari kyauta. Da an ci tuwo sai ta jawo mu bakin murhu, ta kunna fitilar ƙwai, ta miƙa wa kowa allura da ƙyallen hula. Hannunka ya tsaya, bakinta ya tsaya. Na tsani ɗinkin nan, amma kwaɗayin labari ya fi ƙarfina.

Da ƙuruciyarta ta yi aikatau a gidan wani Bagirke mai sayen gyaɗa, a bakin matarsa ta kwaso labarin wani malamin ƙasarsu na zamanin da. Wai ya shiga jirgin ruwa da fatake, jirgin ya kife. Suka fito gaɓar wani tsibiri daga su sai wando, fataken na kukan kayansu. Malamin kuwa ya hangi zanen lissafi a kan yashi, ya ce su kwantar da hankali, akwai masu ilimi a nan. Ya shiga gari ya kama koyarwa, kafin wata ya zagayo har ya tufatar da fataken. Da za su koma gida, ya ba su saƙo: iyaye su tara wa 'ya'yansu dukiyar da za ta iya iyo tare da su.

Na ce, "Iya, ke da ko kogin Wudil ba ki taɓa tsallakewa ba, ina kika san iyo?"

Ta ce, "Angona, raggon miji, ja zarenka. Ni ban iya ba, allurar ce ta iya."

Na girma, na yi digiri, na manta da allura. A 2020 ina aikin karɓar baƙi a wani ƙaramin otal a unguwar Al Buteen, can ƙasar Larabawa, korona ta sa aka rufe shi. Bizata a kan aikin take. In ban sami wani ba, sai gida hannu rabbana, ga mata da 'ya'ya biyu a Kano suna ci daga hannuna. Na tsorata ƙwarai. Na zaga ofisoshi da takardar digiri har ta yi laushi, ko kallonta ba a yi ba.

Saura kwana shida wa'adin da aka ba ni na barin ƙasar ya cika, zafi ya koro ni cikin wani shagon abaya a unguwar Naif. Na tarar da dattijon mai shagon yana ta faɗa: mai yi masa adon hannu ya maƙale a ƙasarsu, ga hajiyoyin Kano na jiran kaya. Na ce ya ba ni allura.

Ya ce, "Habibi, ina takardar shaidarka?"

Na ce, "Kawo baƙin ƙyalle ka ga shaida."

Ya miƙo, na kama ɗinki, yatsuna suka tuna. Da na gama ya juya ɗinkin ya duba bayansa, kamar yadda Iya ke yi.

Ya ce, "Khalas, shi ke nan. Gobe ka zo da fasfo."

Iya ta daɗe da rasuwa, ba ta taɓa ganin teku ba. Amma ranar da jirgina ya kife, abin da ta cusa mini a hannu ina kumbura baki, shi ya fito da ni gaɓa. Da yammar nan na kira matata, na ce ta saya wa yaran allura.