Matoshin jarka na Baba

A shekarun fari sana'ar babana ta mutu tun kafin shanu su fara mutuwa. Masassaƙi ne a Kurawa, turmi da akushi yake yi, to wa zai sayi turmi babu abin dakawa? Sa'anninsa duk sun tafi cin rani kudu, shi kuwa ya ce ba inda za shi da furfura.

Ruwa a lokacin sai an kora jaki zuwa rijiya mai nisa. Jarkokin duk murafensu sun ɓace, ana cusa tsumma a baki, kafin a iso gida jakin ya yi wanka da rabin ruwan. Baba ya sassaƙa wa innata matoshi da icen aduwa, da ɗan kunne na zura igiya. Ko ɗigo ba ya fita. Mata suka yi ta zuwa roƙo, shi kuma yini guda yake yi a kan ɗaya.

Ni ina koyarwa a Isa, na kuma taɓa leƙa wani kamfanin roba a Kano, saboda haka nake ganin babu wanda ya fi ni sani. Na ce a kai matoshin a zuba shi da roba, ya cika kasuwar Sabon Birni, shi kuma Baba ya zauna gida abinsa. Na dame shi har ya sayar da sa ɗaya da ya rage mana.

A Kano wani maƙerin kamfanin ya juya matoshin a hannu, ya gwada shi ta kowane gefe. Ya bayyana mini cewa zai rarake ƙarfe biyu da siffarsa, inji ya narka roba ya ɗura a ciki, in ta huce a buɗe. Ya tambaye ni ko na zo da jarkar. Na ce ba sai da jarka ba, ya yi shi yadda yake, kada ya ƙara kada ya rage, aikin babana ba ya son gyara. Har da ɗaga murya na faɗa, ina jin kunyar wannan har yau.

Bayan wata biyu na sauke buhunan matosai a ƙofar gida. Shuɗaye ne, sumul, har sawun wuƙar Baba ya fito a jikin kowanne. Baba ya daɗe yana shafa ɗaya yana murmushi. Innata ta kawo jarka cike, ya toshe, ya kifa ta. Ruwa ya biyo gefe ya jiƙa masa ƙafa. Muka gwada na biyu, muka gwada na goma.

Ya jefa ɗaya a ƙwaryar ruwa ya bar shi har la'asar, sannan ya ciro ya matsa shi da yatsa.

"Wagga aba ba ta shan ruwa," ya ce. "Icce in ya sha ruwa kumbura shikai. Shi ya sa nika rage mai kaɗan, in ya jiƙa shi cika bakin da kainai."

"Baba, don mi ba ka hwaɗa min ba?"

"Ban san abin hwaɗi na ba. Hannuna ad da sani." Ya dubi buhunan. "Da girma sunka yi, da na bi su da wuƙa ɗaya ɗaya. Ragewa na iya, ban iya ƙari ba."

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Mako bai cika ba ya ɗaure gizagonsa a tsumma, ya ce za shi kudu da motar ranar kasuwa.

A tasha ya zura mini wani abu a aljihu. Sabon matoshi ne na aduwa, ya fi na farko kauri kaɗan.

"Wanga shi na daidai," ya ce. "In ka koma Kano."

Na ce to. Ni da shi mun san babu wani sa a gida.