Tsakuwa a Faifan Kaka

A gidanmu na Gwandu tsintar shinkafa aikin kakata ne, mahaifiyar babana. Shinkafar gida muke ci, wadda ake shanyawa a ƙasa, saboda haka ba ta rabuwa da tsakuwa. Da hantsi Kaka takan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta ɗora faifai a cinya, ta karkata shi kaɗan wajen rana, tana tura ƙwayoyin da yatsa ɗaya. Ta daina girki da daka tun ina ƙarami. Wannan kaɗai ya rage a hannunta.

Shekarar da na fara karatu a Kalgo, Baffa, ƙanen babana, ya sa aka yi mata rumfar kwano a ƙofar ɗakin saboda ruwa da zafi. Rumfar ta yi duhu, sai ya rataya ƙwan sola fari tas a tsakiyarta. Kowa ya yaba. Ba a jima ba aka fara tauna tsakuwa a tuwo, har ranar da wata ta ɓantare wa Baffa haƙori. Bai yi faɗa ba. Ya dai ce idon Kaka ya gaji, aka miƙa faifan ga matarsa.

Da na zo hutun ƙarshen mako na tarar da Kaka zaune hannu biyu a cinya.

"Maigida, ka zo ganin makauniyarka?" in ji ta. "Sun ce ba ni gani. Ga ni nan ina ganin wuyanka kamar na zalɓe. Ba su ba ka abinci can?"

A makon ne aka koya mana duba fatar albasa da madubin ƙara girma a ɗakin gwaje-gwaje. Na buɗe hasken na'urar duka, a tunanina haka zan fi gani, sai na ga fari fat ba komai. Malamin ya rage hasken, layukan suka fito. Wannan ne ya sa na ɗebo shinkafa a tire na zauna ƙarƙashin ƙwan Baffa. Daga sama hasken yake saukowa, kai tsaye. Shinkafar tana ƙyalli, farar tsakuwar ma tana ƙyalli, babu mai inuwa a cikinsu. In na sunkuya kuma, inuwar kaina ta rufe tiren. Washegari da hantsi na fita da shi tsakar gida na karkata. Haske bai kai na ƙwan ɗaukar ido ba, amma ta gefe yake zuwa, kowace ƙwaya da 'yar inuwarta. Ta shinkafa doguwa ce, ta tsakuwa dunƙulalliya.

Ban iya yi wa Baffa bayani baki da baki ba. Ni ba mai magana ba ne a gaban manya. Kaka na gaya wa.

"Kai mai gilashi ne za ka koya mini gani?" Ta yi dariya. "To ka faɗa wa baffanka, wanga ƙwai nashi ya kai shi ɗakin kaji."

Ita ta faɗa masa da kanta, a gabana, har da batun kajin. Baffa ya saurara, ya ce duk da haka sai likita ya duba ta. Muka kai ta Birnin Kebbi. Likitan ya ce yanar ido ta fara kama idon hagu, kuma ido mai yana farin haske mai ƙarfi yakan dame shi, kamar mai kallo ta gilashin mota mai datti. Ke nan Baffa bai yi kuskure duka ba, ni ma haka. A mota Kaka ta yi ta tambayar sunan kowane ƙauye da muka wuce.

An mayar mata da faifan, da sharaɗin hantsi kawai, a fili. In ta gama, matar Baffa takan shiga da shinkafar madafa ta sake bi a ɓoye. Na taɓa tambayarta ko tana samun wani abu. Ta ce wani lokaci ɗaya, wani lokaci babu.

Kaka ta sani. Wata rana tana miƙa faifan ta ce, "Ungo, ɗiyata, je ki duba aikina." Matar Baffa ta karɓa da hannu biyu, kanta a ƙasa, ta wuce madafa.