Kyamarar da Ba Ta Leƙe

Shekarun da na yi ina aikin gini a unguwar Gurda, can ƙasar Larabawa a ƙetaren sahara, hoto iri ɗaya mu 'yan ci-rani muke aikawa gida. Ranar Juma'a mutum ya ari riga, ya jingina da motar wani Balarabe, ya washe baki. Ni abin ya ishe ni. So nake in ɗauke mu yadda muke da safe a bakin titi, kowa da kayan aikinsa a gabansa, mai shebur da mai guduma, muna jiran wanda zai tsaya ya ce akwai aiki.

Na tafi unguwar Mahdiya wurin wani Bakano mai sayar da tsofaffin kayan lantarki. Ya ɗauko mini wata ƙatuwar kyamara mai dogon baki kamar taɓarya.

"Wannan ita ce taka, Malam. Daga tsallaken titi za ka jawo mutum, bai ma sani ba."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Alhaji, ni ɓarawo ne? Mutanen da muke cin tuwo kwano ɗaya zan laɓe in leƙa?"

Na nuna wata 'yar ƙarama, fentinta duk ya goge. Ya ce ba ta jawo nesa, sai na matsa har mutum ya ji numfashina. Na ce ita nake so.

Washegari na fito da ita a bakin titi, aka yi mini caa. Wani ya ce zan tona musu asiri a gida, wani ya rufe fuska da rawani. Ban mayar da ita aljihu ba. Na ce wanda bai so ba zan ɗauke shi ba, amma kada wanda ya ce mini jiran halak abin kunya ne.

Sai wani dattijo magini, mutumin Damagaram, wanda ba ya yawan magana, ya yafito ni. Ya zauna a kan bulo, ya buɗe tafukan hannunsa da siminti ya tsattsage.

"Matso, yaro. Ɗauki har da hannuwan."

Na durƙusa gabansa, na ɗauki hoton.

"Autana ya bar makaranta, wai shi ma zai keto sahara ya zo," in ji shi. "Ka tura masa yau."