Kwikwiyon Mai Saƙa

Mai Saƙa ake ce mata a layin, amma ba sha'awa ce ta kai ta sana'ar ba. Ɗanta tilo da sikila aka haife shi. Sanyi kaɗan sai ciwon ƙashi ya tashi, rigunan sanyin kasuwa kuwa ko su yi masa ƙaiƙayi ko wuyansu ya buɗe. Sai ta koyi saƙa da kwarashi, daga baya ta sayi tsohon inji ta kafa a falo gefen taga, har makarantu suka fara ba ta aikin suwaitar ɗalibai. Injiniya suke ce wa yaron, don babu rediyo ko fitilar da ta shigo gidan ta kwana da sukurorinta.

Jinya ce ta cinye mata ƙuruciya. Ruwa sai an tafasa, magani kuma a kan lokaci ko da sama za ta faɗo. Ta san yawan magani da nauyin jiki yake tafiya. Ta kai ba ta neman ma'aunin zafi: ta ɗora bayan hannunta a wuyansa, ta ce wa mijinta ya fito da mashin. Hannun bai taɓa yi mata ƙarya ba. Da shi ta riƙe yaron har ya shiga jami'a, kuma yana cikinsa ya cika, a gadon asibiti, bai kai ashirin ba.

Mijin, wanda ke yankan takarda a wata maɗaba'a, ya rasa sunan da zai kira ta da shi. Maman Injiniya ya saba cewa. Yanzu sai ya yi gyaran murya, ita kuma ta juyo.

Ƙaninta ne ya kawo kwikwiyon a cikin kwali, bayan an haura katanga an kwashe musu shanya. Ya ce gida ya yi shiru da yawa, ɓarawo ma ya gane. Ta leƙa kwalin ta ga wani abu ja-ja, kunnuwa a kwance, ciki kamar ƙwallo.

"Wannan ne zai yi gadi? Shi wa zai yi gadinsa?"

"Yaya, kowa da haka ya fara. Ni ma ai haka kika karɓe ni."

"Kai har yau ba ka kori ko kaza ba."

Ta ce a ajiye shi can wajen tankin ruwa, kada ya kusanci ɗaki, kuma babu ruwanta da shi. Washegari da safe ta fita shara ta tarar yana rawar sanyi a gindin tankin ruwa. Ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallonsa. Kafin azahar ta haɗa ragowar ulu, shuɗi da toka, ta saƙa masa riga mai ramin ƙafafu. Da mijin ya dawo ya gan shi, sai ya tambaya wace makaranta aka sa shi, kuma aji nawa. Ta yi dariya. Su biyun suka dubi juna, don an daɗe ba a ji dariya ba a gidan.

Daga nan ta ɗauki abin da gaske, yadda take ɗaukar komai. Ta keɓe masa kwano biyu, ruwansa tafasasshe, abincinsa kaɗan-kaɗan sau da yawa. Takan buɗe kunnensa da tsakanin yatsunsa tana neman kaska. Ta sa ƙanin ya kai shi aka yi masa allurar rigakafi, aka ba shi maganin tsutsar ciki. A sikelin da take auna ulu take ɗora shi duk mako, shi kuma yana ƙoƙarin cin igiyar. Ba ta raɗa masa suna ba. Mijin ne ke ce masa Maigadi. Ita dai abu ɗaya ta sa a ranta, ba ta faɗa wa kowa ba: wannan zai girma a hannunta.

Wata rana iska ta bugo ƙofar kicin ta datse masa ƙafar gaba. Ya yi ta kuka yana ɗingishi. Ta matsa ƙafar, babu karaya. Sai ta ɗora bayan hannunta a cikinsa, inda babu gashi, ta ji zafi rau. Ta taɓa nata wuyan, ta sake taɓa shi. Zazzaɓi ne, babu ko tantama. Ciwo da zazzaɓi tare kuwa ta san abin da ake yi musu, kuma ta san ba a jira.

Durowar yaron tana nan yadda ya bar ta. Ta ɗauko ƙwayar da take ba shi idan ƙashi ya tashi, ta duba ba ta lalace ba, ta auna kwikwiyon, ta yi lissafi, ta yanka da reza, ta tura masa a cikin ɗan nama. Kukan ya tsaya. Mijin ya ce ko a kai shi a duba. Ta ce me za a duba, ga shi yana wasa da takalmi. Sai dai zafin jikin bai sauka ba, don haka ta ci gaba da ba shi safe da yamma, ba ta tsallake ko sau ɗaya ba.

Da ya fara ƙin abinci yana lanƙwashewa yana nishi, ta ɗauka ciwon ne ya ƙaru, ta ɗan ƙara masa. Sai amai, sai kashi baƙi ƙirin kamar kwalta. A nan ne ta ce wa mijin ya fito da mashin.

Asibitin dabbobin ɗaki ne ɗaya mai teburin ƙarfe, yana warin maganin wanke ƙasa. Likitar yarinya ce, ba ta girme Injiniya da yawa ba. Ta ɗaga leɓen kwikwiyon ta ga dasashi fari fat, ta fara tambaya. Mai Saƙa ta amsa yadda ta saba amsa wa likitoci, babu kame-kame: ranar da ƙofa ta datse shi, nauyinsa, sunan maganin, yawan da ta ba shi. Har ta fito da fakitin daga jaka. Likitar ta juya shi a hannu, ta karanta bayansa.

A hankali ta yi magana. Ta ce wannan maganin na mutane ne, kare ba ya ɗaukarsa. Yana cinye masa ciki, ya kashe ƙoda. Mai Saƙa ta ce ai zazzaɓi yake yi, ita ta ji da hannunta.

"Mama, jikin kare ya fi namu zafi. Haka yake ko da lafiyarsa ƙalau."

"To ƙafar fa?"

"Ƙafar ta warke."

"Da na ƙyale shi ke nan."

Likitar ta dubi mijin, mijin ya dubi ƙasa. Ta ce mutane da yawa suna yin haka, ba ita ce farau ba, za a sa masa ƙarin ruwa a gani. Ta aske ɗan gashi a ƙafarsa tana laluben jijiya, ta ce Mama ta riƙe mata shi don ya fi sabawa da ita. Kwikwiyon ya ji motsinta, ya kaɗa bindi sau ɗaya a kan ƙarfen. Mai Saƙa ta mayar da hannayenta cikin mayafi.

"Baban Injiniya, riƙe mata."

Ya riƙe. Ruwan ya shiga, amma fitsari bai fito ba, ranar ko washegari. Da la'asar ɗin rana ta biyu likitar ta kira mijin a waya yana wurin aiki. Ya kashe injin yankan, ya je ya karɓo gawar a cikin kwali, ya haƙa rami a bayan tanki. Ita tana falo, injinta na kai da komo, bai tsaya ba.

Ƙanin ya zo ya ce uwar karen za ta sake haihuwa, wannan karon zai zaɓo mata mai ƙwari. Ta ce ya sha ruwa ya gaida gida.

Tana nan tana saƙarta, aikinta bai canza ba, wuya ba ya buɗewa. Kwanan baya matar maƙwabcinsu, mai haihuwar fari, ta shigo a gigice da jariri a kafaɗa, ta ce Mama ta taɓa mata shi ta ji ko zazzaɓi ne, don kowa ya ce ita ta sani. Mai Saƙa ta dubi yaron daga inda take zaune. Ta ce akwai asibiti a bakin titi, kuma ba su tashi ba tukuna.