Ba Za a Gina Maka Ƙofa da Kuɗin Hanya Ba, Yaya Zakari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 6 ga Mayu, 2025, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Alhaji Zakari Dabo, shugaban ƙungiyarmu ta masu motocin kaya a nan Illela, bayan gajeriyar jinya.

Yaya Zakari, ni Mukhtari ne. Ka san ni, ban iya rusunawa ba. Daga aji uku na sakandare na faɗa tasha, ban gaji ko tayar keke ba, yau ga motocina har Konni an san su. Amma kai na rusuna maka, kuma ban ji kunya ba.

Ban manta daminar da motata ta kafe da albasa a hanyar Gidan Katta ba. Kai ka zo da taka motar, ka tuɓe riga, ka shiga taɓo har gwiwa. Da na kawo maganar kuɗin mai, sai ka ce, "Mukhtari, riƙe abinka. Ramin ga, shi ne abokin gabanmu, ba kai ba."

Magana guda ka rayu a kanta: abin da taya ta biya, hanya za ta ci. Kuɗin tikiti, kuɗin lamba, duk harajin da aka ɗora wa mai, ka ce amanar hanya ne. Na gwamnati ka yi ta faɗa har muryarka ta dushe. Namu na tasha kuwa ka ɗaure shi tamau, marmara da kwalbati kawai, ko ruwan taro ba a saye da shi.

Kuma duk wanda aka zaɓa ya riƙe kuɗin nan, sai ka ɗora shi a bayan mota, daidai kan taya, a kai shi garin Tozai a dawo, ya ji ramukan hanyar a jikinsa. Wani ma'aji mai babbar riga ya sauko yana dafe da ƙugu, ka ce masa, "Alhaji, yanzu ka san amfanin kuɗin ga?" Mun yi dariya, amma ko sisi bai karkata ba har ya sauka daga muƙamin.

To, ga abin da ya faru bayanka. Tun ba a naɗe tabarmin makoki ba, wasu 'yan kwamiti suka ja ni gefe. Wai a ɗebi kuɗin kwalbatin hanyar ƙauyen Lafani a gina babbar ƙofa a bakin tasha, a rubuta sunanka a sama. Wai karramawa. Ɗayansu har da cewa, "Haba Alhaji Mukhtari, sau ɗaya dai, don marigayi."

Na ce, "Sau ɗaya anka fara kowace ɓarna."

Damina na bakin ƙofa. In ba a zuba kwalbatin nan ba, ruwa zai yanke Lafani, amfanin gonar mutane ya ruɓe, mai naƙuda ta rasa motar asibiti. A yi wannan da sunanka? Wallahi ba da ni ba. Na faɗa a gaban dattawa, ina kuma rubutawa kowa ya karanta: ranar da aka taɓa kuɗin nan don ƙofa, motocina sun bar lodi a tashar nan, in yi asara in sani. Mai son karrama Zakari ya sa hannu a aljihunsa. Ni na sa, tifofin marmara na kan hanyar Lafani tun jiya.

Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Hindatu, da 'ya'yansa Jabir da Shahida, da dukkan direbobin Illela. Allah Ya ba mu haƙuri.

Allah Ya jiƙanka, Yaya Zakari, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Yadda ka sauƙaƙa wa bayinSa hanya, Ya sauƙaƙa maka Siraɗi. Mu kuma Ya hana mu cin amanarka. Amin.